Darasi na Wannan Wata: Gonar Gwauruwa

Darasinmu na wannan wata a kan abin da kowa ya sha gani ne. Mutum ya rasu, tun ba a gama zaman makoki ba sai 'yan'uwansa su kulle rumbu, su kora awaki, su raba gona. Matar da ta yi shekara 20 tana shuka da noma a gonar nan sai a ce ta kwashe kayanta. In ta yi magana a zage ta, wani lokaci har da dūka. Wannan zalunci ne, ko da an kira shi al'ada.

Idan an ƙwace gonar gwauruwa, abincin marayu aka ƙwace. Yara su bar makaranta, a aurar da yarinya tun ba ta isa ba. Ƙungiya kuma ta rasa manomiya, bashin taki ya rasa mai biya.

Ku karanta Littafin Ƙidaya, sura 27. 'Ya'yan Zelofehad su biyar duk mata ne. Suka kai kuka gaban Musa, aka kuwa ba su gādon mahaifinsu.

Dokar ƙasa ma ta yi magana. A shekarar 2014 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke shari'ar wata gwauruwa ta garin Awka a Jihar Anambra, wadda dangin mijinta suka so su fitar da ita daga gida don ba ta da ɗa namiji. Kotu ta rushe wannan al'ada, ta bar mata gidan. A shekarar 2015 kuma aka kafa dokar hana cin zarafin mutane, wadda ake kira VAPP. Bisa ga dokar tarayya, wanda ya wulakanta gwauruwa da sunan al'ada za a iya ɗaure shi har shekara 2, ko tara har naira 500,000, ko duka biyu. Jihohi da yawa sun yi tasu, kamar Kaduna a 2018.

Ga abin da ƙungiyarmu za ta yi tun kafin mutuwa ta zo:

1. Magatakarda ya rubuta sunan miji da na mata a littafin ƙungiya.
2. Kowane magidanci ya rubuta wasiyya a gaban shaidu, ya nuna iyakar gonarsa, ya sanar da mai unguwa.
3. Mata su adana takardar aure da rasit na duk abin da suka saya.
4. In an yi rasuwa, dattawan ikilisiya da shugabannin Zumuntar Mata su je gidan kafin a taɓa rumbu.
5. A yi wa gwauruwa gayya da farkon damina, kada kuma a yanke mata taki da iri.
6. In an doke ta, a kai ta asibiti, a kai ƙara wurin 'yan sanda. Kada a rufe magana don kunya.

Tambayoyi domin taronku:

Gwauraye nawa ne a ƙauyenku, nawa ne cikinsu ke noman gonar mijinsu? Kai maigida, in ka rasu bana, wa zai girbe gonarka baɗi?