Kada a Yanke wa Yaro Hukunci da Maki Ɗaya

Kowane magidanci a Wonaka ya san in aka auna gero da tiya, aka juye aka sake aunawa, sai an ga ɗan bambanci. Jarrabawar JAMB ta shiga manyan makarantu ma awo ce. Tambaya 180 ce cikin awa biyu a kan kwamfuta, darussa huɗu, kowanne maki 100. In ka cire Turanci mai tambaya 60, sauran 40-40 ne. Ke nan tazarar maki goma kusan tambaya huɗu ce kacal, kuma tambayoyin na zaɓi ne, ana iya canka a dace. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba zai iya asarar huɗun nan tun kafin hannunsa ya daina rawa. Kada a yanke masa hukunci da maki ɗaya.

Amma dubi abin da ake yi a gidajenmu. Saƙo ya shigo waya bayan magariba: yarinya ta ci 170, ɗiyar maƙwabta 180. Maigida ya ture kwanon tuwo, yana lissafin kuɗin fom da na mota zuwa Gusau. Uwa na cewa, "Malam, a bari ta sake mana." Gwaggo ta leƙo ta katanga: "Yaya, ai na faɗa maka ba ta da kan boko, a yi mata aure!" Kafin isha'i an rufe karatun yarinya a kan tambaya huɗu, da bakin wadda ba ta ma san yawan tambayoyin ba.

Wani zai ce na'ura ba ta kuskure. A 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawa. A shekarar, sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 ba. Duk daƙiƙai ne?

To jarrabawar banza ce? A'a. Tsakanin 300 da 120 akwai bambancin shiri na gaske, a gaya wa yaro gaskiya ya ƙara ƙwazo. Ƙaramar tazara ce ba ta nuna komai, kuma ko babbar ba ta auna haƙuri da naci. Kada a cire yaro daga karatu saboda maki ɗaya. A 2025 mafi ƙarancin makin jami'a 150 ne, na kwalejin ilimi da ta kimiyya da fasaha 100, kodayake kowace makaranta na iya ɗaga nata. A je Jami'ar Tarayya ta Gusau ko kwalejin Ƙauran Namoda a tambayi makin da suke karɓa bana.