Kujerun Hawa Dutse A Ƙasar Maroko

Mu nan Babura ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, duk inda ka duba rairayi ne. Mai son ganin dutse sai ya nufi Kazaure ko Roni. To, waɗannan duwatsu da muke ganin girmansu, in an jera su da duwatsun Atlas na ƙasar Maroko, ba su fi suri ba.

A bisa Atlas akwai wani wuri ana ce da shi Ukaimedan, wajen kilomita 75 kudu da birnin Marakish. Bisansa daga teku ya kai mita 2,600. Sa'ad da muke hunturu a nan, can ƙanƙara mai laushi kamar gari ita ke zubowa, ta rufe ƙasa fari fat. A lokacin ne baƙi su kan zo wasan sulu. Mutum ya ɗaura falankai biyu dogaye a ƙafafunsa, ya riƙe sanda biyu, ya sulalo daga bisa kamar kibiya.

Gangarowa ba wuya, hawa shi ne aiki. A shekarar 1936 wani injiniyan kamfanin jirgin ƙasa a Amurka, mai suna James Curran, ya samo dabara. Ya san irin ƙugiyoyin da ake rataya ayaba a loda ta cikin jirgin ruwa, sai ya sa kujeru a madadinsu. Ga yadda abin yake. A kan kafa dogayen turaku na ƙarfe daga gindin dutse har ƙololuwa, a ɗora musu igiyar ƙarfe mai kauri, a rataya mata kujeru. Inji na juya igiyar kamar yadda sarƙar keke take zagayawa, waɗansu kujeru na hawa, waɗansu na sauka. Kujerun da aka kafa a Ukaimedan sun kai bisan da ya wuce mita 3,200.

Masu irin waɗannan wurare kullum so suke su faɗaɗa su, gama in an ƙara kujeru da filin sulu, baƙi sun ƙaru, ciniki ya ƙaru. A shekarar 2006 wani kamfanin Dubai ya shirya gina manyan masaukai a Ukaimedan, amma aikin bai tabbata ba.

Sai dai dutsen nan ba na masu wasa kaɗai ba ne. Tun kaka da kakanni makiyaya ke kai tumakinsu da awakinsu can. Suna da doka tasu: daga 15 ga Maris ba mai shigar da dabba, sai 10 ga Agusta, bayan ciyawa ta yi 'ya'ya ta zubar da iri. Duk filin da aka yi gini a kai, ko aka kankare don sulu, abincin dabbobin ne ya ragu. Ga shi kuma ƙanƙarar ba kowace shekara take zuba da yawa ba.

Ku da kuka san abin da kan faru in gona ta ci burtali, kun gane matsalar. Wanda zai faɗaɗa wuri, ya kamata ya fara shawartar waɗanda ya tarar a wurin.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa Ukaimedan yake?
2. Daga ina James Curran ya samo dabararsa?
3. Don me makiyaya ke jira sai watan Agusta?