Marayun Bodari: Yadda A Ke Renonsu A Mayar Da Su Daji

Jama'a, a ƙauyukan da ke kewaye da Lafiya, daga hanyar Doma har zuwa ta Shandam, karnukan farauta da wutar daji su kan hallaka uwar bodari, su bar 'ya'yanta a rami ba mai shayarwa. Galibi a kan bar su su mutu saboda warinsu. Wannan hasara ce, domin bodari ma'aikacin manomi ne da ba ya neman lada: dare duka ɓera da gyare da fara ya ke ci, ga shi kuwa wani jinsin ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lasa da aka gano a 1969. A Amurka akwai wata dabba mai kama da shi a zane da wari, har gidajen renon marayunta a ke yi.

Wanda ya tarar da 'ya'yan, kada ya yi garaje. Ya dakata kwana guda tukuna, ko uwar kiwo ta tafi. In ya tabbata marayu ne, to, ya sanar da ma'aikatan gandun daji ko likitan dabbobi, su ne masu iko da wannan aiki. Kafin su iso, a sa su cikin kwando da tsumma a wuri mai ɗumi, gama a kan haife su ido rufe, kusan ba gashi, sanyi ya fi yunwa saurin kashe su. Kada a ɗura musu nonon saniya, zawo ya ke sa su. Kada kuma a taɓa su da hannu tsirara. Cizon naman daji na iya ɗauke da ciwon haukan kare.

Idanunsu kan buɗe bayan mako 5 ko 6, wajen mako 9 su fara kama abinci da kansu. A nan ne masu reno su ka fi kuskurewa. Tausayi kan sa a riƙa wasa da su kamar kyanwa, alhali wanda ya saba da mutum ba zai guji kare ba, ba zai guji akurkin kaji ba. Sai a rage kusantarsu, a riƙa jefa musu ƙwari masu rai.

Da sun cika wata 5, a kai su daji mai nisa da gidaje da kwalta, kusa da ruwa da suri, a sake su da magariba.