Amsoshin Wasiƙunku: Haƙƙin Gari a Kan Kamfani

 Wasiƙun wannan mako yawancinsu daga ƙasar Kagarko suka fito.

Ta farko wani malamin makaranta ne ya aiko ta daga Jere. Yana cewa: "Kamfanoni sun fara shigowa yankinmu, ga masu fasa dutse, ga katafaren kamfanin ƙarfe na Gujeni. Idan kamfani ya haƙa wa gari rijiyar burtsatse ko ya gina aji biyu, kyauta ya yi ko dole ce? Na ji an ce akwai dokokin duniya a kan haka."

Malam, Allah ya saka da alheri. Ƙa'idojin duniya kam akwai su, sai dai yawancinsu ba irin dokar da za ka maka kamfani a kotu da ita ba ce. A shekarar 2000, zamanin Kofi Annan, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaddamar da shirin Global Compact, wanda yau yake da ƙa'idoji 10 kan haƙƙin ɗan Adam, haƙƙin ma'aikata, muhalli da yaƙi da cin hanci. Kamfanin da ya ga dama shi ke shiga. A 2010 aka fito da ISO 26000, ita ma jagora ce kawai, ba a ma ba da takardar shaida a kanta. Duk wanda ya zo yana ɗaga muku satifiket ɗinta, ku yi hattara da shi.

Ƙa'idar da na fi so ku riƙe ita ce ta 2011, da Farfesa John Ruggie ya jagoranci tsarawa. Ta ɗora wa gwamnati nauyin kare jama'a, ta ɗora wa kamfani nauyin kada ya cutar da su, ta kuma ce wanda aka cuta a share masa hawaye. A ƙarƙashinta, alherin da kamfani ya yi a wani wuri ba ya wanke ɓarnar da ya yi a wani. Idan ƙurar dutse ta kwanta fari fat a kan ganyen masararka, ƙarar nakiya ta tsaga bangon ɗakinka, rafin da mata ke ɗiban ruwa ya koma ja, to famfo guda mai allon sunan kamfani bai biya wannan ba.

Amma Malam, ƙarfinku na gaske a gida yake. Dokar ma'adinai ta Najeriya ta 2007 ta wajabta wa duk mai lasisin haƙar ma'adinai ko fasa dutse ya ƙulla rubutacciyar yarjejeniyar raya al'umma da garin da ya sauka, tun kafin ya fara aiki. Ana sa tallafin karatu, koyar da sana'a, ɗaukar 'yan gari aiki, da taimakon ruwa, hanya, lantarki da asibiti, kuma duk shekara 5 ana sake duba ta. Abin da aka rubuta a ciki ya tashi daga kyauta, ya zama bashi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a garuruwa da dama mutanen da aka yi takardar dominsu ba su taɓa sa ta a ido ba. Muna girmama iyayenmu sarakuna da dagatai, amma wannan takarda ta gari ce. A karanta ta a bainar jama'a, da Hausa, da Koro, da Gbagyi. A sanar a masallaci da coci. A kira mata, a kira makiyayan da burtalinsu ya bi ta wurin. Kuma kada ku yarda da "za mu taimaka da ruwa". Rijiya nawa? A wace unguwa? Zuwa wane wata? In injin ya lalace, wa zai gyara?

Sai wani dattijo manomi da ya ce an faɗa masa wani babban aiki zai ratsa gonarsa, ga shi gado ce, ba shi da takarda. Baba, dokar filaye ta 1978 amfanin gona da gini take biya, ba ƙasar kanta ba. Amma ka sa yaranka su binciko inda masu aikin suka ranto kuɗi. Idan daga IFC ne, wato reshen Bankin Duniya mai ba kamfanoni bashi, ko daga bankunan da suka rungumi ƙa'idojin Equator na 2003, to akwai sharaɗi: a biya diyyar da za ta iya maye abin da aka rasa, a taimaki mutum ya koma kan sana'arsa, ko da ba shi da takardar fili. IFC ma tana da ofishin karɓar koken jama'a. Tun yanzu ka ƙirga mangwaro da ɗorawa da kaɗanyar da ke gonar, a ɗauki hoto, maƙwabtan gona su shaida.

Ta ƙarshe wata baiwar Allah ce mai noman citta a Kubacha. Ta ce ba su gama farfaɗowa daga cutar da ta cinye citta a 2023 ba, sai ga masu saye suna tambayar wane magani ta fesa, yaranta suna zuwa makaranta kuwa? Mama, ba raini ba ne, su ma can Turai haka ake titsiye su. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari, kuma Najeriya ta amince da yarjejeniyar hana bautar da yara tun 2002. Yaro ya taya ki tsaga citta da shanya bayan an tashi daga makaranta, babu laifi. A goya masa tankin feshi ko a cire shi daga aji, shi ne abin da aka hana. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta sunan magani da ranar feshi, ku kuma haɗu a ƙungiya ku tambayi mai sayen ko nawa zai ƙara a buhu saboda wannan ɗawainiya.

Lokaci ya yi mana halinsa. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.