Agogon Motsa Jiki: Me Yake Aunawa, Kuma Ina Yake Kuskure?

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan an fara ganin wani irin agogo a hannun masu fita motsa jiki da sassafe a Birnin Kebbi da sauran birane. Ban da nuna lokaci, yakan faɗa wa mai shi nisan da ya yi, da yawan takunsa, da bugun zuciyarsa. Mutane da dama sukan ɗauki waɗannan alƙaluma tamkar yankan wuƙa, alhali kowannensu ta hanya dabam ake samo shi, kuma ba ingancinsu ɗaya ba. Wannan darasi zai bi su ɗaya bayan ɗaya.

Awon nisa

Agogon yana gane inda yake ta hanyar GPS, wato jerin taurarin ɗan'adam na Amurka. An harba na farkonsu a 1978, tsarin kuma ya kammala a 1995 da taurari 24. Suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana kewaya duniya sau biyu a rana, yana aiko da saƙon rediyo mai ɗauke da lokaci da matsayinsa. Saƙon yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa. Daga jinkirin isowarsa agogo yake lissafa nisan tauraron, idan kuma ya sami saƙon taurari huɗu sai ya gane wurin da yake. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana jawo kuskuren mita 300.

A sarari, kamar fadamar Gulma ko bakin Matan Fada a Argungu, awon yakan yi kyau. A cikin ɗaki kuwa, ko a lungu mai dogayen katangu, saƙon yakan raunana ko ya karkace. Sannan nisa kaɗai agogon ya sani ta wannan hanya. Bai san wahalar da aka sha ba.

Ƙidayar taku

A cikin agogon akwai 'yar na'ura mai jin girgiza. Ba ƙafa take kallo ba, lilon hannu take ƙirgawa. Saboda haka matar da ke daka da taɓarya tana iya tara ɗaruruwan taku ba ta gusa daga gindin turmi ba, haka ma wanda ya hau babur a hanya mai gargada. Mai tura kurar ruwa kuwa, da yake hannuwansa a kafe suke, sai agogo ya tauye masa lissafi.

Batun taku 10,000 a rana ma ba daga binciken likitoci ya fito ba. Asalinsa sunan wata na'urar ƙirga taku ce da aka fara sayarwa a Japan a 1965. Wani bincike da masanan Jami'ar Harvard suka wallafa a 2019, a kan tsofaffin mata fiye da 16,000, ya nuna cewa masu taku 4,400 a rana sun fi masu 2,700 ƙarancin mace-mace, kuma amfanin ya daina ƙaruwa a wajen taku 7,500.

Bugun zuciya

Wannan shi ne awon da ya fi kusa da ilimin halittu. A bayan agogon akwai koren haske da ke haska fata. Jini yana shanye koren haske, don haka duk lokacin da zuciya ta buga, jini ya ƙaru a ƙananan jijiyoyi, hasken da ke dawowa sai ya ragu. Wannan hawa da sauka agogo yake ƙirgawa.

Zuciyar baligi a lokacin hutu takan buga sau 60 zuwa 100 a minti, tana tura jini kimanin lita 5. Idan tsokoki suka kama aiki sukan buƙaci ƙarin iskar oksijin, sai bugun ya ƙaru, jinin da ake turawa ya kai lita 20 ko fiye. Shi ya sa manomin da ke dashen shinkafa a fadama, ko masuncin da ke jan homa a ruwa, zai sami ɗan nisa da ɗan taku a agogo, amma bugun zuciyarsa zai nuna ainihin nauyin aikin.

A 2017 masanan Jami'ar Stanford sun gwada na'urorin hannu iri bakwai a jikin mutum 60. Shida daga ciki kuskurensu wajen awon bugun zuciya bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Amma wajen ƙiyasin ƙarfin da jiki ya ƙona, wato kalori, wadda ta fi kyau ta kauce da kashi 27, mafi muni kuma da kashi 93. Sun kuma lura cewa kuskure yana ƙaruwa ga masu duhun fata. Sinadarin melanin da ke ba fata launi shi ma yana shanye koren haske. Gumi da sakwarkwacewar maɗauri su ma suna ɓata awo.

Gwaji a aji

Ba sai da agogon nan za a auna bugun zuciya ba. Agogon bango mai hannun daƙiƙa ya isa.

1. Ɗalibi ya zauna shiru na minti biyar.
2. Ya ɗora yatsu biyu a tsintsiyar hannu, ta ɓangaren babban yatsa, ya ƙirga bugu na daƙiƙa 15, ya ninka sau huɗu.
3. Ya yi ta hawa da sauka a kan dakali na minti uku.
4. Ya sake ƙirgawa nan take, da bayan minti ɗaya, da bayan minti biyu.
5. Ya rubuta sakamakon a jadawali, ya maimaita kowane mako har ƙarshen zango.

Jikin da ya saba da aiki bugunsa na hutu yakan yi ƙasa, kuma yakan sauko da sauri bayan wahala. Ana ƙiyasta iyakar bugu ta hanyar ɗebe shekarun mutum daga 220. Ɗan shekara 16 ke nan yana da 204, matsakaicin motsa jiki kuma, wato kashi 50 zuwa 70 na wannan adadi, zai kama daga 102 zuwa 143. Ƙiyasi ne kawai, mutane sun bambanta.

Wajibi ne malami ya keɓe masu sikila da asma da ciwon zuciya, su zama masu riƙe lokaci da rubutu. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a wannan yanki, a yi gwajin da safe, a inuwa, da ruwan sha a kusa.

Kammalawa

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta shawarci 'yan shekara 5 zuwa 17 su sami kimanin minti 60 na motsa jiki a kullum, manya kuma minti 150 zuwa 300 a mako. Rashin motsi yana daga cikin abubuwan da ke buɗe ƙofa ga hawan jini da ciwon suga. Tafiyar ƙafa zuwa makaranta, da noma, da tuƙin kwale-kwale, duk suna cikin lissafi, ko an ɗaura agogo ko ba a ɗaura ba. Wanda ke da shi ya dogara da bugun zuciya da nisa, ya yi taka-tsantsan da taku da kalori. Wanda ba shi da shi, yatsunsa biyu sun wadatar.