Shawarwari ga iyalan Kwanyawa masu niyyar hawa Dala da Kufena

Yaranmu na Ƙaraye da Rogo suna haddace sunan Barbushe don jarrabawa, amma da yawansu ba su taɓa taka dutsen da ya zauna a kai ba. Abin yana damuna, domin tafiyar yini guda ce.

1. A zaɓi rana. Ranar Takutaha, mako guda bayan Maulidi, Kanawa kan yi dafifi su hau Dala har ba masaka tsinke. Samari za su ji daɗin taron, amma mai ƙananan yara ya bari sai an watse. A ganina kaka ta fi: ruwa ya ɗauke, hazon hunturu bai sauko ba, daga sama za a hango Goron Dutse da hasumiyoyin babban masallacin birni tangaran.

2. A yi sammako. In an bi ta Gwarzo bayan asuba, a shiga ta Kabuga a hau kafin rana ta take.

3. Takalmi mai kama ƙafa, ban da silifas. Kowa da gorar ruwansa.

4. Maigida, kada a tsaya ga ɗaukar hoto kawai. A zaunar da yara a saman, a ba su labarin Barbushe da Tsumburbura da zuwan Bagauda, a bayyana musu cewa tamar ƙarfe ce ta jawo maƙera wurin tun kafin a yi birni. In an sauko a nuna musu ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, sannan a ƙarasa Gidan Makama. A hana su hawa ganuwar. Ginin ƙasa ne, ruwan sama da masu ɗibar ƙasa sun riga sun cinye mafi yawanta.

5. Mutanen Rogo sun fi kusa da Zariya, ga Kufena nan kusa da Wusasa. Dala tana da matakala, Kufena kuwa falalen dutse ne mai santsi da damina. A gaida mutanen wurin, a nemi ɗan gari ya yi jagora, a sallame shi da abin kirki.

6. Tsofaffi, masu juna biyu da masu hawan jini su huta a inuwa a ƙasa.

7. Ledar ruwa da ta abinci a dawo da su cikin jaka, kuma kada kowa ya kankare dutse don rubuta sunansa.