Idan Ɗanku Ya Kamu da Ciwon Sukari Nau'i na Ɗaya

Iyaye da 'yan'uwa na Nima da Maamobi:

Saurayi ko budurwa ta fara yawan fitsari da ƙishirwa, tana ramewa ko da tana cin abinci. An je asibiti, likita ya ce ciwon sukari ne nau'i na ɗaya. Me ya rage wa iyali su yi?

Ku fahimci ciwon

A wannan nau'i, jiki ya daina samar da insulin, sinadarin da ke shigar da sukari daga jini zuwa cikin tsoka domin ya zama ƙarfi. Ba shan zaƙi ne ya jawo shi ba, ba sammu ba ne, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Maganinsa allurar insulin ce kullum. Tun shekarar 1922 ake ceton rayuka da ita. Babu sassaƙe ko jiƙo da zai maye gurbinta. Addu'a da allura tare suke tafiya.

Ajiyar magani

A sa insulin a firji, amma kada ta daskare. Idan an ɗauke wuta, a sa kwalbar cikin leda, a ajiye ta a randa mai sanyi a inuwa. Mai fatauci zuwa Lome, Kwatano ko Legas ya riƙe maganinsa a jakar hannu, ba cikin kaya a bayan mota ba, ya kuma ɗauki fiye da abin da tafiyar ke buƙata.

Abinci

Ba a hana shi koko da ƙosai, wake da shinkafa ko tuwo ba. Abin lura shi ne yawan abincin da lokacinsa su dace da allurar. Kada cinikin kasuwa ya sa ya tsallake abinci bayan ya yi allura.

Alamomin haɗari

Idan sukari ya faɗi ƙasa da 3.9 a na'urar awo, za a ga rawar jiki, gumi, yunwa da ruɗewa. A ba shi cokalin shayi uku na sukari cikin ruwa, a sake aunawa bayan minti 15. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai a baki; a kwantar da shi a gefe, a kira 112.

Amai, ciwon ciki da numfashi mai zurfi da sauri alamun hawan sukari ne mai kisa. A garzaya asibiti. Kada a dakatar da allura saboda zazzaɓi.

Azumi da aure

Azumi na da haɗari ga mai wannan ciwo, kuma shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame. A ga likita da malami kafin Ramadan. Ciwon ba ya hana aure, haihuwa, karatu ko sana'a.

Inda za a je

Babban Asibitin Maamobi na kusa da ku, kuma akwai cibiyar ciwon sukari a Asibitin Koyarwa na Korle Bu. A sabunta katin NHIS kafin ya ƙare.

Matashin da aka gaya wa wannan labari yana cikin tsoro. Ku raka shi asibiti, ku koyi yin allurar tare da shi, ku bar shi ya zaɓi wanda zai faɗa wa. Allah Ya ƙara lafiya.